Yadda Ake Mayar da Motar Bashi Idan An Katse Yarjejeniya Kafin Wa'adi

Na daɗe ina riƙe wa ƴan kasuwa da masu motocin haya takardu a nan Maradi, kuma cikin ayyukan da suka fi zuwa hannuna akwai raka mutumin da ya ɗauki mota bashi, biya ya gagare shi ko buƙatarsa ta sauya, ya ƙudura mayar da ita tun wa'adi bai cika ba. Na raka ma'aikacin gwamnati zuwa banki, na raka direban hanyar Tasawa zuwa zauren alhajin da ya saya masa mota, na kuma zauna da matar da mijinta ya rasu ya bar mata mota da sauran biya. Abin da nake fara gaya wa kowannensu shi ne mayar da mota ba shi ne biyan bashi ba. Mota kaya ce da za a yi wa kuɗi, a cire kuɗin daga abin da ake bin ka, kuma duk abin da ya rage yana wuyanka har ranar da aka rubuta aka sa hannu cewa an sallame ka. Wanda ya ajiye makulli ya juya ba tare da wannan takarda ba, ya rabu da motarsa ne kawai, bashin yana nan yana jiransa.

Kafin komai sai ka san wace irin yarjejeniya ce a hannunka, domin iri uku ne suka fi yawa a garin nan kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Na farko, banki ko ƙaramar cibiyar ba da bashi ta ba ka kuɗi ka sayi mota da sunanka, motar ta zama jingina a wurinsu; murabahar bankin Musulunci, inda banki ke sayen motar ya sayar maka da riba sananniya, yawanci ita ma haka take ƙarewa, mota da sunanka amma a jingine. Na biyu shi ne kredi-bay, inda motar ta kamfanin ce, kai haya kake biya, da damar ka saye ta idan wa'adi ya cika. Na uku, wanda ya fi kowanne yawa a tasha, dillali ko wani mai hali ya ba ka mota kana biya mako-mako ko wata-wata, da sharaɗin ba ta zama taka ba sai ka gama.

Nijar tana cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma dokarsu ta jingina da lamuni, wadda aka sabunta a 2010, ta faɗi wani abu da ya kamata kowane mai motar bashi ya haddace. Idan mai sayarwa ya riƙe mallakar kaya har a gama biya, sannan ya karɓi kayansa, dole a cire darajar kayan daga sauran bashin, idan kuwa darajar ta fi sauran bashin, shi ne zai ba ka cikon, kuma duk sharaɗin da ya saɓa wa wannan a cikin yarjejeniya kamar ba a rubuta shi ba ne. Direbobi da yawa an karɓe musu mota bayan sun biya fiye da rabi, an ce musu abin da suka zuba ya tafi a haya, sun haƙura saboda ba su san da wannan ba.

Abubuwan da za ka tanada

Takardun bashi su ne kan gaba: yarjejeniyar kanta da duk shafukanta, jadawalin biya, da rasit na kowane biya da ka yi tun daga kafin alƙalami, ko ta banki ka biya, ko ta kamfanonin tura kuɗi irin Nita ko Amana, ko hannu da hannu. Sai takardun mota: kart giriz (takardar rajistar mota), takardar kwastan idan tana wurinka, inshora, bizit teknik (takardar duba lafiyar mota), binyet (shaidar harajin mota), da rasit na gyare-gyare da juyen man inji. Sai kayan motar: makullai duka har da na ajiya, tayar ajiya, jak da abin kwance taya, da duk wani abin da aka lissafa a ranar da aka ba ka ita. Kana buƙatar waya mai ɗaukar hoto da kyau, cike da caji, da littafi da biro, da katin shaidarka. Kana kuma buƙatar mutum biyu, bakanike wanda ka amince da shi kuma ba shi da alaƙa da mai bin ka, da dattijo ɗaya wanda zai iya tsayawa shaida ko a gaban alƙali. Idan ba ka karanta Faransanci, ƙara da na uku wanda ya iya, domin ko da yake an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, takardun banki da na kotu da Faransanci ake rubuta su.

Kowace takarda ka yi mata kwafi biyu, ka kuma ɗauke ta hoto. Idan yarjejeniyar ta ɓace, je ka nemi kwafi a rubuce daga wurin mai bin ka tun kafin ka furta maganar mayar da mota. Idan rasit ne babu, banki zai fitar maka da bayanin asusunka, kamfanonin tura kuɗi kuma suna da tarihin abin da ka aika. Idan kuwa tun farko da baki aka yi maganar, nemo waɗanda aka yi a gabansu, ku zauna da mai motar a rubuta abin da kowa ya yarda an biya, a sa hannu, sannan a shiga zancen rabuwa.

1. Karanta yarjejeniyar daga farko har ƙarshe

Abin da kake nema a ciki biyar ne: sashen da ya yi maganar katse yarjejeniya kafin wa'adi, yawan kwanakin sanarwa da ake so ka bayar, tarar da aka ɗora wa wanda ya katse, wurin da za a kai motar da wanda zai ɗauki kuɗin kai ta, da kuma halin da ake so a mayar da ita a ciki. Ka ja layi ƙarƙashin kowanne a jikin kwafinka. Wasu yarjejeniyoyin ba su ba ka damar katsewa kai kaɗai ba sam, musamman na kredi-bay, inda sau da yawa ake rubuta cewa wanda ya katse zai biya wani kaso na hayar da ta rage. Wannan ba ya hana a daidaita, amma yana nuna maka cewa roƙo za ka shiga da shi, kuma ya kamata ka san haka kafin ka buɗe baki. Ka duba kuma ko an ce a kai motar Yamai, domin tafiyar kilomita sama da 600 da mai da direba ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma abu ne da za a iya neman a sauya tun da wuri.

2. Nemi lissafin bashinka a rubuce

Ka je da kanka ka nemi a ba ka takardar da ta nuna abin da ake bin ka a wata rana takamaimai, a rarrabe: uwar kuɗin da ta rage, kuɗin watannin da suka wuce ba ka biya ba, tarar jinkiri, da tarar katsewa idan akwai. Kada ka karɓi jimilla ɗaya dunƙulalliya. Dalili shi ne a bashin banki na ruwa, kuɗin watannin da ba su zo ba suna ɗauke da ruwan da bai riga ya hau kanka ba, saboda haka idan aka tara maka su duka aka ce shi ne bashinka, an sa maka fiye da uwar kuɗin da ta rage. Jadawalin biya yana nuna uwar kuɗin da ta rage bayan kowane wata, a can za ka gwada. A murabaha lissafin daban yake, tunda farashin sayarwa an yanke shi tun ranar farko kuma duka bashi ne a kanka, ragin da banki zai yi wa mai rufewa da wuri kyautatawa ce daga gare shi, don haka sai ka nema da bakinka, ka kuma nemi a rubuta.

Wani abu da ya keɓanta da mu mutanen bakin iyaka: idan motar daga Kano ko Katsina aka sayo ta kuma an ambaci naira a cikin cinikin, a tsayar da kuɗin da za a yi lissafi da shi, sefa ko naira, da canjin wace rana. Na ga zumunci ya lalace a kan wannan kaɗai. Haka nan a rubuta kowane adadi da lambobi na faran sefa sannan da haruffa, tunda a bakinmu ɗari na nufin faran 500, a takarda kuwa 100 ne.

3. Sa a yi wa motar kuɗi kafin ka yanke shawara

Nan ne mutane suka fi yin gaggawa, nan kuma ya fi cancanta a tsaya. Kai motar wurin bakanikenka ya duba inji, giya, burki, ƙafafu da wuta, ya gaya maka gaskiyar abin da ke cikinta. Sannan ka nuna ta ga dillalan mota biyu ko uku waɗanda ba su san juna a cinikin ba, kowanne ya faɗi abin da za ta yi a kasuwa yau, kuɗi hannu. Ka rubuta abin da suka faɗa da ranar.

Yanzu sai ka yi lissafi. A ce an ba ka mota a kan sefa miliyan 6, kana biyan jika 250, wato faran 250,000, kowane wata har wata 24, ka biya wata 10, wato miliyan 2 da rabi, saura miliyan 3 da rabi. Idan dillalai sun yi mata miliyan 2 da jika 800, to ko ka mayar da ita ana bin ka jika 700, ban da tara. Idan kuwa sun yi mata miliyan 4, kai ne kake da jika 500 a cikinta, kuma mayar da ita ba tare da an yi mata kuɗi ba kyauta ce ka yi da haƙƙin iyalinka. Wannan lissafi na minti goma shi zai nuna maka ko mayarwa ce ta fi, ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan.

Hanyar da na fi ba da shawara idan motar tana da lafiya ita ce ka nemi izinin mai bin ka a rubuce ka samo mai saye da kanka, mai sayen ya zuba kuɗin kai tsaye a asusun mai bin bashi, abin da ya yi saura ya dawo gare ka. Mai mota yana da haƙurin jiran farashi mai kyau, gwanjo kuwa ba ya jira, kuma motar da ta yi watanni a harabar banki rana tana dukanta, batir ya mutu, tayoyi sun sace, ba za ta yi kuɗin da ta yi ranar da ka ajiye ta ba. Ko ka biya dillali la'adarsa, yawanci kai ne da riba. Hanya ta biyu ita ce a samo wanda zai ɗauki motar da sauran bashin, amma sai mai bin bashi ya yarda an sauya suna a takarda. Idan ka miƙa wa ƙaninka ko abokinka a bayan fage, duk watan da ya kasa biya ƙofarka za a buga, haka nan idan ya yi haɗari. Ta uku ita ce ka nemi a tsawaita wa'adi a rage kuɗin wata, idan matsalarka ta ɗan lokaci ce, kamar rufewar hanya ko jinkirin albashi.

Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne sayar da motar a ɓoye, ko tsallaka da ita Ɗan Isa zuwa Jibiya da nufin ka sayar ka kawo kuɗin daga baya, ko cire mata kaya masu kyau ka sa tsofaffi. Rashin iya biyan bashi magana ce ta kuɗi da ake sasantawa, amma karkatar da kayan jingina ko kayan da ba naka ba laifi ne na cin amana da ke kai mutum gidan kaso, komai kyawun niyyarsa.

4. Sanar da su a rubuce

Idan ka tsaya a kan mayarwa, rubuta wasiƙa gajera: sunanka, lambar yarjejeniya, lambar mota da lambar shasi, cewa kana neman a katse yarjejeniya a karɓi motar, da ranar da kake son a zauna. Ba sai ka zuba labarin duk abin da ya same ka ba, kuma kada ka rubuta cewa ka yarda da wani adadi na bashi tun ba a daidaita ba. Kai kwafi biyu, su riƙe ɗaya, su buga hatimi da kwanan wata a ɗayan su ba ka. Maganar waya da saƙon WhatsApp suna taimakawa, amma ba su kai wasiƙa mai hatimi ba.

Har zuwa ranar da aka karɓi motar, yarjejeniya tana aiki. Idan kana da halin biyan watan da ake ciki, ka biya, domin wanda ya zo da kansa ba a bin sa bashin watanni ya fi samun sauƙi a wurin daidaitawa. Kada kuma ka bar inshora ta ƙare a wannan tsakani.

Idan alhaji ne ko dillali, ladabi shi ne ka fara zuwa da kanka tare da dattijon da yake jin nauyinsa, ko shugaban sandikar direbobi, wato ƙungiyarsu, idan ta nan aka haɗa ku, ka ce: "Alhaji, Allah ya ƙara girma, na zo ne tun abin bai lalace ba, biyan nan ya fi ƙarfina, ina so a yi lissafi a raba mu lafiya." Bashi hanji ne, yana cikin kowa, babu abin kunya a nan. A fiƙihu ana kiran wannan iƙala, wato mai sayarwa ya yarda a warware ciniki saboda mai saye ya shiga damuwa, kuma akwai hadisi a kan falalar mai yin hakan. Amma bayan an gaisa an fahimci juna, rubutun yana nan daram, Alƙur'ani ma a aya ta 282 ta Suratul Baƙara rubutawa ya ce a yi.

5. A daidaita a takarda kafin makulli ya bar hannunka

Muddin motar tana wurinka kana da bakin magana, da zarar ta shiga harabarsu kuwa sai abin da suka ga dama. Don haka duk abin da za a yi jayayya a kansa a gama shi yanzu. Takardar rabuwa ta ƙunshi adadin bashin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi a ranar, da darajar da aka yi wa motar. Idan ba a yarda a kan daraja ba, a rubuta sunan ƙwararren da ku biyu kuka amince ya yi mata kuɗi, da wanda zai biya shi. Idan sun ce sai sun sayar sannan a san lissafi, a rubuta mafi ƙarancin farashin da ba za a sayar ƙasa da shi ba sai da saninka, da wa'adin sayarwa, da cewa kana da damar kawo mai saye, da cewa za a nuna maka takardar cinikin. A rubuta ranar da ruwa da tara za su daina hawa, wadda ya kamata ta zama ranar miƙa mota. A rubuta wanda zai ɗauki kuɗin ajiya da gadi da janyewa. A ƙarshe a rubuta yadda za a yi da cikon, ko kai za ka biya a cikin wata nawa, ko su za su ba ka a wace rana, ko kuma an yafe an rufe lissafi.

Kalmar "an yafe" ita ce ta fi yaudarar mutane. Ma'aikacin da ke bayan tebur zai iya ce maka kawo motar kawai magana ta ƙare, da zuciya ɗaya ma yake faɗa, amma ba shi ne mai ikon yafe kuɗin cibiya ba, kuma ana iya sauya masa wurin aiki wata mai zuwa. Na san direban da ya bar mota a ƙofar wata cibiya, ya ba mai gadi makulli bisa irin wannan magana, bayan watanni aka kawo masa takardar neman sauran bashi da kuɗin ajiya a kai, ba shi da ko layi ɗaya da zai nuna. Saboda haka ka tabbata wanda ya sa hannu yana da ikon sa hannu da sunan cibiyar, kuma an buga hatimi. Tsakanin mutum da mutum kuwa, a kai takardar ofishin magajin gari na ɗaya daga cikin gundumomi 3 na birnin ko kwamisariyar ƴan sanda a tabbatar da sa hannun, shaidu biyu su ma su sa nasu. Idan kuɗin mai yawa ne, kuɗin notar, wato jami'in da ke tabbatar da takardun yarjejeniya, ko na lauya na zama ɗaya ba asara ba ne.

6. Shirya motar

A wanke ta ciki da waje, a kwashe kayanka duka, a duba ƙarƙashin kujeru da aljihun gaba. Ƙananan gyare-gyare masu arha, kamar fitilar da ta mutu ko madubin da ya fashe, gara ka yi su da kanka a garejin da ka sani, tunda idan su suka gyara farashinsu za su rubuta maka. Babban gyara kuwa, irin na inji ko giya, kada ka ci sabon bashi dominsa. Bakanike ya rubuta abin da ke akwai da kimar gyaransa, a bayyana shi a fili a cire daga darajar. Kada ka taɓa agogon kilomita, kada kuma ka cire na'urar bin diddigi idan sun sa mata. Idan akwai tarar ƴan sanda ko ta jandarma da ba ka biya ba, biya ta ka ajiye rasit.

7. Ranar miƙawa

Ka zaɓi ranar aiki da safe, ka kauce wa Juma'a da rana da jajibirin salla, lokacin da masu sa hannu ba su cika zama ba. Ka je da bakanikenka da shaidarka. Kafin kowa ya taɓa motar, ɗauki hotonta ta kowace kusurwa, gaba da baya da gefe biyu da rufi, kowace taya har da ta ajiya, gilasai, kujeru, cikin but, cikin inji, lambar batir, lambar shasi, da agogon kilomita da na mai alhali inji yana aiki. Sannan ka yi bidiyo ɗaya ba yankewa kana zagaya ta, ka faɗi kwanan wata da wurin da kuke da bakinka, a ga wakilinsu a tsaye. Kowace lotsawa da kowane karce ka matsa kusa ka ɗauka, domin abin da ka nuna da kanka ba za a ƙara masa girma daga baya ba.

Daga nan a cika takardar karɓa, kwafi biyu: rana da sa'a, wuri, lambar mota da ta shasi, kilomita, yawan mai, yawan makullai, jerin takardun da ka miƙa ɗaya bayan ɗaya, jerin kayan mota, da duk wata illa da aka gani. A nan za a iya ja da kai a kan bambanci tsakanin tsufa da ɓarna. Fentin da rana ta ci, kujerar da ta koɗe, tayar da ta sha tafiya daidai da kilomitarta, duk tsufa ne da ba makawa ga motar da ke bin hanyar Dakoro ko Mayahi. Gilashin da ya tsage, ƙofar da aka buge, ko injin da ya ƙone don rashin juye, wannan ɓarna ce kuma a kanka take. Idan suka rubuta abin da ba ka yarda da shi ba, rubuta rashin yardarka da hannunka a jikin takardar kafin ka sa hannu. Kada ka sa hannu a takardar da aka bar wa gurbi ba a cika ba, ko aka ce za a ƙarasa daga baya. Wakilinsu ya rubuta sunansa da muƙaminsa, ya sa hannu, ya buga hatimi, kwafinka ya shiga aljihunka, sannan ka ba da makulli.

Idan motar ba ta tashi, a rubuta haka, a jawo ta da saninsu, ko su zo inda take a cika takardar a can. Idan suka ce wani gareji za ka kai ta, su ba ka wannan umarni a rubuce, kuma wakilinsu ne zai karɓa, kada ka bar ta a hannun yaron gareji.

8. Idan suka ƙi karɓa ko suka yi ta ja maka rai

Kada ka ajiye ta a ƙofarsu ka tafi. Je wurin wisiye, shi ne jami'in da doka ta ba ikon kai sanarwa da rubuta abin da idonsa ya gani, ya kai musu takardar cewa mota tana nan a shirye, ya kuma rubuta halin da take ciki a ranar. Takardarsa tana da nauyi a gaban babbar kotun Maradi idan magana ta kai can. Kai kuma ka ajiye motar a wuri mai tsaro, ka daina aiki da ita, kilomita ta tsaya inda ya rubuta. Idan su ne suka riga ka, wisiye ya kawo maka gargaɗi, kada ka sa takardar ƙarƙashin tabarma: mai jingina da ke riƙe da hukunci ko takarda mai ƙarfin zartarwa yana iya sa a yi gwanjon motar kwana 8 bayan gargaɗin, don haka a ranar za ka nemi lauya ko ka koma a zauna.

9. Rufe sauran ƙofofi

Miƙa mota ba shi ne ƙarshen aiki ba, saura abubuwan da idan aka manta da su suke tasowa bayan shekara. Idan daga albashinka ko asusunka ake cire kuɗin wata, ka nemi a rubuce a tsayar ko a mayar da shi sabon adadin da aka daidaita, ka kuma duba asusun a ƙarshen watan farko da na biyu. Idan ka ba da cek ko takardun alkawarin biya na watannin gaba, karɓo su a hannunka. Sanar da kamfanin inshora a rubuce ranar da motar ta bar hannunka, ka tambaye su abin da zai dawo maka na watannin da suka rage. Idan kart giriz da sunanka take, ka bi sawu har a sauya suna, domin muddin sunanka na kai, duk abin da motar ta yi a hanya kai za a fara nema.

Wanda ya tsaya maka lamuni yana da haƙƙin ya ji komai daga bakinka tun mataki na huɗu, tunda idan ciko ya rage ba ka biya ba shi za a bi. Ka ba shi kwafin takardar rabuwa, kuma idan an rufe lissafi a rubuta cewa shi ma an sallame shi. Idan ka ba da takardar fili ko ta gida a matsayin ƙarin jingina, a ambace ta da lambarta a cikin takardar sallama, ka karɓo ta asali.

Ranar da ka biya faran na ƙarshe, ko ranar da aka rufe lissafi, ka karɓi takardu biyu: ta shaidar cewa ba a bin ka komai, da ta ɗage jingina. Jinginar mota ana rubuta ta a rajistar kasuwanci da ke ofishin magatakardan kotu, kuma da takardar ɗagewa ake zuwa a soke ta. Ka tambayi wanda zai kai, kai ko su, ka kuma nemi shaidar sokewar. Bankuna da manyan cibiyoyin ba da bashi na ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, suna aika bayanan masu bashi ga ofishin tattara bayanai da babban bankinsu BCEAO ke sa wa ido, kuma kana da ikon neman ganin abin da aka rubuta a kanka da neman a gyara kuskure. Bayan wata biyu ko uku ka nemi wannan rahoto ta hannun bankinka, ka ga ko bashin ya fito a rufe. Takardar rabuwa, takardar karɓar mota, takardar sallama da ta ɗage jingina ka haɗa su a leda ɗaya ka ajiye inda gara da ruwan damina ba za su kai ba, hotuna da bidiyon kuma ka tura wa mutum ɗaya cikin iyalinka, ka nuna masa inda ledar take.